Garafuni a Tsohon Baho



Na daɗe ina riƙe wa maigidanmu alƙalami a zangon Kumasi, ina rubuta takardun aure da na gado da na sulhu. Ban taɓa zaton fure zai shiga rubutuna ba, sai da jikata mai shekara 7 ta ja ni.

Wata rana bayan la'asar ta kawo wayar uwarta, ta nuna mini wani ɗan lambu da Turawa ke haɗawa a tukunya: ɗan ɗaki kamar kwalin ashana, 'yar hanya ta tsakuwa, ga tsiro ya yi yaɗo ya lulluɓe shi da furanni. Ta ce, "Kaka, irin wannan nake so." Uwar ta ce ai wasu ƙananan halittu masu fukafukai na cikin tatsuniyoyinsu ake yi wa shi, kamar dai aljanu. Sai na ɗaure fuska. Wanda ya tashi a gaban allo ba ya gina wa aljani ɗaki, ko da wasa. Na ce, "Amarya, lambu za a yi, amma na 'yar tsanarki ne." Ta yarda.

Tsakar gidanmu siminti ce, kuma iyali biyar ke shanya a cikinta. A zango wanda ke son kore sai ya nema ta sama, shi ya sa tsiro mai hawa ya dace da mu. Na samo tsohon baho, na huhhuda gindinsa da ƙusa don kada ruwa ya kwanta, na shimfiɗa tsakuwa, na cika shi da ƙasa da busasshen kashin awaki.

Ita tana son furen nan mai ja da ke kan katangun masu hali, wanda ake kira bogenbiliya. Asalinsa Kudancin Amurka ne, yana da ƙaya, kuma sai an ɗaure shi yake hawa. Na ƙi. Na lissafa mata waɗanda mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, take bari su hau danga: soso mai furen rawaya, duma da farin furensa ke buɗewa da almuru, sai garafuni. Ko ɗaya ba ta sani ba. Abin da ya fi sosa mini rai, uwar ma ba ta taɓa jin sunan garafuni ba, a zatonta kuma soso raga ce ta roba da ake saye a kasuwa.

Soso da duma sun fi ƙarfin baho, ganye ɗaya zai binne ɗakin. Garafuni kuwa ganyensa ƙanana ne masu yatsu, furensa ɗan mitsitsi. A wurin wata tsohuwa mai sayar da sauyoyi na samo irin. Na jiƙa shi kwana ɗaya saboda taurin ɓawonsa, muka shuka a watan Afrilu da damina ta kankama. Bai cika mako biyu ba ya tsiro. Muka yi masa tsani da tsinken tsintsiya, muka ja zare zuwa ƙarfen taga. Kullum da safe kafin makarantar allo sai ta tsuguna ta duba inda siririn hannunsa ya naɗe.

A nan ne na yi sakaci. Wani yaro ya kawo mata 'ya'yan idon zakara, jajayen nan masu ɗigon baƙi, ta jera su a gefen hanyar. Na gani, na ma yaba. Kwana biyu sai na tarar da ƙanenta mai rarrafe da ɗaya a baki. Allah ya kiyaye bai fasa ta ba, na sa yatsa na zaro. Idon zakara ma yaɗo yake yi, amma ƙwayarsa guba ce mai kisa idan aka tauna. Na san haka tun ina yaro, kyanta ne ya mantar da ni. Iyaye, don Allah a raba yara da ita.

Yanzu garafunin ya kai taga. Ɗansa na farko ya nuna ya fashe, ga jajayen ƙwayoyi a fili, yaran gidan kuma duk sun iya sunansa. Sai dai uwargida ta fara tsinkar ganyen tana sa wa maƙwabciyarmu mai jego a fate, jikata kuma ta kawo ƙararta gabana da kuka. Na ɗage shari'ar zuwa bayan sallar Juma'a.