Tsatsa da Gansakuka a Tekun Cikin Gilashi

Tsakanin Kano da bakin teku akwai tazarar kusan kilomita 1,000, amma wannan bai hana wani tsohon malamin kimiyyar halittu kafa ɗan tekunsa a falon gidansa ba. Da ya yi ritaya, sai ya yanki wani kaso na kuɗin sallamarsa ya sayi tankin gilashi mai cin lita 200. Ya san kowace litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, don haka ya auna kilo 7 na gishirin da ake haɗawa musamman domin wannan aiki, ya narka shi a ruwan burtsatsen gidansa. Bayan ruwan ya zauna, ya zuba kifaye biyu masu launin lemo da ratsin fari, da jatan lande guda, da 'yan dodon koɗi.

Ba a yi wata biyu ba sai wata ƙura mai launin ƙasa ta lulluɓe yashi da duwatsu da jikin gilashi. In ya goge da safe, kafin kwana biyu ta dawo. A daidai lokacin ne kuma jan ɗigo ya bayyana a jikin maƙallin da ke riƙe da tiyon famfo, duk da mai kantin ya rantse masa cewa ƙarfen ba ya tsatsa. Ran nan ya wayi gari ya tarar da jatan landen a kwance, dodannin koɗin kuma suna faɗowa daga gilashi ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, kuɗin nan da tumaki ka saya, da yanzu sun haihu," in ji uwargidansa. Bai tanka ba, domin shi ma zancen ya daɗe yana ci masa rai.

Da fari tsatsa ya ɗora wa laifin komai, har sai da ya kankaro ƙurar ya duba ta a madubin likitan wani tsohon ɗalibinsa. Bahaushe kan kira duk wani yauƙi da ke tsirowa a rijiya ko kududdufi da sunan gansakuka, amma wannan iri ne na daban: halittu masu ƙwayar rai ɗaya da ake kira dayatom, waɗanda ke gina ɓawonsu da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Ruwan da ya ratso duwatsun ƙarƙashin ƙasa kuwa yakan ɗauko silika mai yawa. Da hunturu ya kama, ruwan tankin yana ƙafewa da sauri, shi kuma yana cike gurbin da na burtsatse. Ruwa ne kaɗai ke tashi. Silika tana nan tana taruwa. Ashe da hannunsa yake ciyar da abin da yake yaƙa.

Ita ma tsatsar tana da dalilinta. Ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa yana da kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke yi masa siririyar riga. Sinadarin kulorayid da ke cikin gishiri yana huda wannan riga, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nau'in 304 da ya cika kasuwa ba ya jure ruwan teku. Nau'in 316 ya fi shi dauriya saboda molibdinom da ke cikinsa. Amma roba da titaniyom su ne abin dogaro.

Sai dai duk wannan bai bayyana mutuwar jatan landen ba, domin ɗigon tsatsa ba ya kisa cikin sauri haka. Da ya kwance kayan tankin ɗaya bayan ɗaya, sai ya ci karo da wani ɗan mahaɗin tiyo mai ruwan zinariya, wanda ya sayo daga masu kayan famfo. Na tagulla ne, wato akwai jan ƙarfe a ciki. Kifi yana iya jure ɗan jan ƙarfe, har ma da shi ake yi masa maganin wasu cututtuka, amma ga jatan lande da dodon koɗi da murjani, ƙanƙaninsa ma guba ne. Makonni ya yi yana hararar maƙallin da ya muzanta, alhali mai kisan yana gefe yana ƙyalli.

Ya jefar da mahaɗin, ya sauya maƙallan da na roba, ya zubar da yashin da duwatsun saboda jan ƙarfe yana maƙalewa a jikinsu. Ya sayi na'urar tace ruwa mai cire silika, ya ɗauki al'adar sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne garin da ake sayarwa domin tsotse silika da fosfet daga ruwa: ɗan'uwan tsatsa ne, an dunƙule shi tsaki-tsaki. Ya sa kuɗi ya sayi abin da ya kwana yana tsine wa.

Gansakukar ta janye a hankali. Kifayen biyu sun rayu. Bai sake kawo jatan lande ba sai da ya yi watanni yana gwada ruwan bai ga alamar jan ƙarfe ba. Ranar da sabon ya iso, uwargidan ce ta fara leƙa tankin bayan sallar asuba, ta dawo ta ce, "Malam, baƙon naka yana nan da rai."