Taliyar Amatrice da tozon Sabo

Wannan rubutun namu ne, mu 'yan Arewa da karatu ya kawo Kudu, musamman masu zaman haya a wajen makaranta, inda mutum huɗu ko biyar ke raba kicin ɗaya, kowa da addininsa, kowa da abin da yake dafawa. Damuwarmu dai biyu ce: kuɗin abinci, da fargabar abin da ya shiga tukunya kafin naka. Akwai wani girki da ya haɗa min su biyun wuri guda.

A gidan da nake a nan Ibadan akwai wani ɗan Inugu, shi ma digiri na biyu yake yi. Duk Asabar sai ya dafa taliya da miyar tumatir da wani nama mai kitse, ƙamshi ya cika baranda. Naman alade ne, irin wanda ake gishirtawa a kyafe, bekon. Bai taɓa ɓoye min ba. Tun makon farko ya nuna min kaskonsa ya ce, "Malam, wannan ban da kai, sauran kuwa duk namu ne." Wallahi na ga girmansa a ranar. Shi ya faɗa min sunan girkin, amatriciana, ni kuma da yake bincike ya riga ya zame mana ciwo, sai na bi sawunsa.

Sunan daga Amatrice yake, wani ƙaramin gari a tsaunukan tsakiyar Italiya, arewa maso gabas da Roma. Asalinsa abincin makiyayan tumaki ne. Abin da ba ya lalacewa a jaka suke ɗauka: busasshiyar taliya, cukun nonon tumaki mai gishiri da suke kira pecorino, masoro, da kumatun alade da aka busar da gishiri, wato guanciale. Bekon ma maye gurbi ne, na waɗanda ba su samu kumatun ba. Da can babu tumatir a ciki, kuma har yau ana yin wancan na farko da sunan gricia. Tumatir daga nahiyar Amurka ya shigo Turai a ƙarni na 16, ya daɗe kuma kafin Italiyawa su yarda da shi a tukunya.

Mutanen garin ba sa wasa da abin nan. A 2015 wani shahararren mai girki, Carlo Cracco, ya ce a talabijin shi yana saka tafarnuwa, sai hukumar garin ta fito a Facebook ta mayar masa da martani. Kamar dai wani ya ce yana saka madara a miyar kuka. Ranar 24 ga Agusta 2016 girgizar ƙasa ta rusa yawancin garin, kusan mutum 300 suka rasu a yankin. Bayan haka gidajen abinci a Italiya da wajenta suka riƙa cire wani abu daga kuɗin kowane farantin amatriciana suna aika wa waɗanda suka tsira.

To, mu alade ba namu ba ne, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Amma idan ka lura da yadda ake girkin, aikin naman a ciki shi ne ya narke. Ba a zuba mai. Kitsen da ya fito daga naman shi ke soya tumatir, shi ke manna miya a jikin taliya. Kilishi ba zai yi ba, ba shi da kitse, ga ƙuliƙuli ga zaƙi. Naman miya ma bushewa kawai zai yi. Abin da ke yi shi ne tozo. Ku je Sabo wajen masu tsire da yamma, ku ce a ba ku tozo gasasshe, a yanka ƙanana, kada a barbaɗa yaji. Yana da kitsen, yana da ƙamshin hayaƙin, kuma ka san wanda ya yanka.

Ga yadda nake yi, na mutum biyu ko na gwauro ɗaya rana da dare. Rabin ledar taliya mai giram 500. Tozo kamar cikin tafin hannu. Manyan tumatir biyar ko shida, a markaɗa ba da laushi sosai ba, ko a goga a magoga idan babu wuta. Attaruhu ɗaya. Ka zuba tozon a kasko tun yana sanyi, ka kunna wuta kaɗan, ka bar shi. Nan ne haƙurin yake, don idan ka ƙara wuta waje zai ƙone ciki bai saki mai ba. Idan kitsen ya fito naman ya yi ja, ka kwashe rabinsa gefe, ka zuba attaruhu da tumatir a kan man. Minti goma sha biyar ya isa, har ka ga mai ya taso sama. Ni ina saka albasa kaɗan, mutanen Amatrice su yi haƙuri.

Taliyar kuwa, ruwa mai yawa da gishiri, ba mai, kuma don Allah a daina dafa ta har ta zama kunu. Ka tsame ta tana da ɗan ƙarfi a tsakiya, ka juye cikin miyar da ludayi ɗaya na ruwan dahuwar, ka yi ta juyawa minti biyu. Garin da ya fita daga taliyar ya shiga ruwan nan shi ke haɗa mai da tumatir su yi kauri, maimakon mai ya kwanta a ƙasan faranti. Sai ka mayar da naman da ka ajiye. Pecorino dai kuɗin ɗalibi bai kai nan ba. Ba shi nake ci, kuma ban ji wani abu ya ragu ba.

Yanzu maganar tukunya, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan ina da babi na uku a gabana. Na san 'yan uwa da suka yi zango guda kan burodi da indomi a ɗaki, don kawai ba sa son shiga kicin da wanda ba Musulmi ba. Wasu har ulsa ta kama su. Alhali akwai hadisin Abu Sa'alaba a Bukhari da Muslim kan kwanukan Ahlul Kitabi, ma'anarsa idan ka samu wasu ka yi amfani da su, idan ba ka samu ba ka wanke ka ci. Kasko ɗaya naka, soso ɗaya naka, cokalin katako naka tunda katako na shan mai, shi ke nan. A ganina kyarar mutum saboda abin da yake ci ba tsantseni ba ne, kuma su ma suna gani, suna kuma faɗa wa junansu yadda ɗan Arewa yake.

Mu da ke Ibadan ba ma buƙatar a tuna mana inda irin wannan nisan ke kaiwa. A Fabrairun 2021 rikici ya tashi a kasuwar Shasha tsakanin Hausawa da Yarabawa, aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna. Daga baya 'yan kasuwar Arewa suka tsayar da motocin kayan abinci na wasu kwanaki, tumatir ya yi tsada a nan, a can gida kuma yana ruɓewa a hannun manoma. Tumatirin da ni da ɗan Inugun nan muke saya a Bodija yawanci daga Arewa ake lodo shi.

Idan damina ta kankama ɗanye ya yi tsada, na gwangwani ma yana yi, sai dai ka soya shi sosai a cikin kitsen kafin ka ƙara ruwa, in ba haka ba tsami zai yi yawa. 'Yan Nsukka, Benin da Fatakwal, a ina kuke samun tozo, kuma mai tsiren naku yana yarda ya sayar ba yaji?