Abokin Tafiya Sai Cikin Marka

Ya kai mai karatu, in kana son sanin halin abokinka, kada ka auna shi a teburin mai shayi. Ku rataya jaka ku yi tafiya cikin marka.

Mu huɗu muka bar Kano wata Alhamis cikin Agusta, da nufin mu kwana a Wudil, mu sha iskar bakin kogi, gari ya waye mu ci kasuwar Juma'a. Tun kafin mu kai gada ruwa ya kece. Yashin da muka ci burin shimfiɗa tabarma a kai, kogi ya haɗiye shi. Dama kogin Wudil ba abin wasa ba ne da damina, don ruwan Kano da na Challawa ne suka haɗu.

Muka fake a rumfar wani mai suyar kifi. To, nan hali ya fito. Wani ya hau mita yana lissafin kuɗin motarsa. Wani kuwa ya tuɓe riga, wai sai ya yi iyo. Ƙaraminmu ya riƙe shi gam, ya ce, "Wallahi Yaya sai dai mu ɓata, amma ba ni zan kai wa Inna labarin ruwa ya ci ka ba." Mai kifi ya ce yau ko masunta gefe-gefe suke bi.

Har muka dawo gida Yayan yana fushi. Amma da ya sami ɗansa na fari, sunan yaron nan aka sa masa.

Jama'a, aboki shi ne wanda zai yarda ya rasa fara'arka don kada ya rasa ka. Allah Ya haɗa mu da irinsu, amin.