Ihun da ke tafe da naushi

Wanda ya fara leƙa ɗakin koyon kareti yakan ɗauka ihun ɗalibai barazana ce kawai, irin kirarin 'yan dambe kafin a gwabza. Amma wannan ihu, da Japanawa ke kira kiai, Koriyawa kuma kihap, aikinsa na farko a cikin jiki yake.

Ƙarfin naushi daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu da gangar jiki, kana ya isa dunƙulen hannu. Idan ciki a sake yake, sai ƙarfin ya tsiyaye a hanya kamar ruwa a hudajjen guga. Fitar da iska da ƙarfi, a gajarce, shi ke ɗaure tsokokin ciki su tallafi ƙashin baya daidai lokacin saukar hannu. Mai riƙe numfashi kuwa, kafaɗunsa kan sandare, ya gaji tun wasa bai yi nisa ba. Mafi muni shi ne a naushe shi a ciki yana tsakiyar shaƙar iska: nan take numfashi ya ɗauke, gwiwa ta kai ƙasa.

Shi ya sa a kendo, wasan takobin gora na Japan, alƙalai ba sa ba da maki sai murya da takobi da motsin jiki sun zo tare. Malami ba ya ganin tsokar cikin ɗalibi a ƙarƙashin riga, amma kunnensa na ba shi labari. Ihun maƙogwaro siriri ne, kuma yakan makara. Na ciki gajere ne mai kauri, tare da bugun yake isowa.