Tauraron da Ya Ga Rufin Gidanmu

Gidanmu ba a cikin garin Tsaskiya yake ba. Muna can bayan gari ne, a wani ɗan ƙauye inda hanya ta ƙare sai burtalin shanu. Da damina in rafi ya kawo, ko mai babur ba ya son zuwa wurinmu. Shekara da shekaru masu rigakafin shan inna sukan zo gari, su ɗiga wa yara magani a baki, su yi rubutu da alli a bango, su koma Safana. Mu kuwa sai a kasuwa mu ji labari. Ba mu ce mugunta ce ba. Taswirar da suke bi da hannu aka zana ta, mai zanen kuwa abin da ya sani kaɗai ya sa.

Akwai ɗanmu a gidan nan wanda zazzaɓi ya kama yana ɗan shekara biyu, ƙafarsa ta hagu ta shanye. Yau magidanci ne, da sanda yake zuwa sujada. Ɗigo biyu a baki, in an maimaita yadda ya kamata, da sun tsare shi. Wannan abu bai taɓa fita daga zuciyarmu ba.

A shekara ta 2012 an sami mutum 223 da cutar ta kama a duniya duka, 122 daga cikinsu a Nijeriya, kusan dukansu a nan arewa. To, a lokacin nan ne gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya da gidauniyar Bill da Melinda Gates suka shiga aiki da hotunan tauraron ɗan adam. Na'ura ce da ke kewaya duniya can sama, tana ɗaukar hoton ƙasa har ana iya ƙidaya rufin ɗaki. Aka zauna da hotunan ana sa alama a kowane ƙauye da ruga, aka aiki mutane su tambayo sunan kowanne. Sa'an nan aka ba masu rigakafi wayar hannu su sa a jaka. Wayar tana karɓar sigina daga waɗansu taurarin, tana rubuta duk inda aka taka. Da yamma sai manya su ɗora sawun a kan taswira, ƙauyen da ba a shiga ba ya fito fili.

Ranar da suka fara isowa ƙofarmu, kakar yara ta tare su da tambaya. “'Yata, wa ya gaya muku muna nan?” Yarinyar ta durƙusa ta ce, “Iya, daga sama aka gan ku.” Tsohuwa ta riƙe haɓa, ta ce ita dai Ubangiji kaɗai ta sani mai gani daga sama. Mu ma, gaskiya, abin bai kwanta mana nan da nan ba, gama ba kowa ke so a leƙa masa tsakar gida ba. Amma muka tuna misalin da Yesu ya bayar na makiyayi da ya tafi neman tunkiya guda, muka fito da yaran, aka shafa musu tawada a ɗan yatsa.

A 2016 aka ga na ƙarshe da ainihin cutar ta kama a Nijeriya, can Borno. Ran 25 ga Agusta 2020 aka shaida cewa Afirka ta rabu da ita. Amma 'yan'uwa, kada mu saki jiki. Akwai wani irin ƙwayar da ke yaɗuwa inda yara da yawa suka rasa rigakafi, ya kuwa ci gaba da ɓulla a jihohin nan namu na arewa maso yamma bayan wannan shela.

Ga kuma wahalar 'yan bindiga daga dajin Rugu, wadda ta watsa ƙauyuka da yawa a Batsari da Safana. Tauraro yana ganin rufi, amma bai san ko masu ɗakin sun gudu ba, ba shi kuwa da hannun ɗiga magani. Dole mutum ya taka da ƙafarsa, wani lokaci a bakin ransa. Saboda haka muka daina zaman jira. Jikanmu na baya-bayan nan, uwarsa ce ta goya shi zuwa asibitin gari, ubansa mai sandan nan yana biye da katin a aljihu.