Yarinyar Ran Juma'a

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, ku yi min afuwa. Abin da ya faru a gidanmu ne zan ba ku, wanda na daɗe ina rabewa bayan taurarin littattafaina ina faɗin rabinsa.

Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a lungunmu na Yakasai muka tashi. Bayan mutuwar aurenta ta fara shan maganin tarin nan mai kodin, a gidan biki aka fara zuba mata cikin lemon kwalba. Mu kuwa muna ta cewa baƙin cikin saki ne ke sa ta yawan barci. Sai a 2018, da BBC ta fitar da shirinta a kan kodin, har aka nuna matasa ɗaure da sarƙa a gidan gyaran hali na Ɗorayi, gwamnatin tarayya kuma ta hana haɗa maganin da shigo da shi, sannan Innarmu ta ɗaga ƙarƙashin gadonta. Kwalabe ne fal. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2019 ya ce cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye a Nijeriya ɗaya mace ce, amma wallahi sai abu ya shigo ɗakinka kake yarda da lissafi.

Gidan mari aka so kai ta, na ce sai dai bayan raina. A shekarar nan ta 2019 ma aka yi ta rufe irinsu a Kaduna da Katsina da nan Kano. Muka samu wani gida a cikin gari da wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya ke riƙe mata bakwai, girkinsu ɗaya, tabarmarsu ɗaya. Makonnin farko ba kyan gani: gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi, ga barci ya ƙaurace.

'Yarta mai shekara biyar tana hannuna. Duk ran Juma'a bayan an sauko masallaci nake ɗaukarta a adaidaita sahu mu je. Tun daga soro take ƙwala kiran "Umma!", uwar kuma tun Alhamis ta sa an yi mata kitso, ta wanke zaninta, don kada yarinyar ta gan ta a yamutse. Da bakinta ta ce min, "Yaya, daren da jikina ya fi matsa min, kwanakin da suka rage Juma'a nake ƙirgawa." To, wannan shi kowa ya sani, shi ya sa muke saurin cewa mace ta daina ko don 'ya'yanta.

Abin da ban sani ba shi ne, in mun tafi gidan kan hargitse. Yarinyar ba ta uwarta kaɗai ba ce a can. Wannan ta tsefe mata kai, waccan ta ɓoye mata gullisuwa a bakin zani. Akwai wata baiwar Allah da tsohon mijinta ya kwashe 'ya'yanta uku, ya ce ba sa ƙara ganinta. Ita ta fi kowa ɗaukar yarinyar, ita ce kuma ke kwana kuka, har sau ɗaya ta haura katanga daren Asabar. Ita kanta ƙanwata, ranar da yarinyar ta tambaye ta, "Umma, kin gama shan maganin barcin?" kwana biyu ta yi ba ta ci abinci ba. Ashe ta gani, ta kuma riƙe.

Mai gidan ta kira ni gefe, ta ce in rage kawo ta. Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina matar nan ba ta san zafin haihuwa ba. Daga baya na gane kan mutum bakwai take dubawa, ni kuwa kan mutum ɗaya. Muka daidaita a kan sau biyu a wata, a soro kawai.

Wata tara ƙanwata ta yi ta dawo gida. Ta taɓa komawa ruwa sau ɗaya, ba zan ɓoye muku ba. Yanzu ɗinki take yi, ita ke kai 'yarta Islamiyya da kanta. Ran nan na tarar ta ƙulle gullisuwa a leda, na ce ta wa? Ta ce ta matar nan ce mai 'ya'ya uku, wai ta aiko a gaya wa yarinyar ta yi kewarta.