Janye Ƙara Ba Shi Ne Ƙarshen Magana Ba

Jama'a, a ƙasar Hausa babu kalmar da ke saurin kashe magana kamar "na yafe". Da zarar mutum ya furta ta sai dattawa su shafa fatiha, kowa ya kaɗe rigarsa ya tashi. Wannan hali ne mai kyau, addini ma ya yaba shi. Amma fa akwai wurin da yafiya ba ta isa ta rufe magana ba, wato inda talaka ya kai kukan ɗan sanda, sa'an nan bayan 'yan kwanaki ya dawo ya ce ya janye.

Ni mazaunin garin Bauchi ne, kuma da yake ina ɗan taɓa rubutu, maƙwabta sukan kawo mini takardunsu. A cikinsu akwai wani magidanci mai sayar da kayan miya a kasuwar Muda Lawal, wanda aka tsare ƙaninsa kwana uku a wani caji ofis, ba a sake shi ba sai da aka karɓi kuɗi da sunan beli, alhali kuwa su kansu 'yan sanda suna shela cewa beli kyauta ne. Ni na rubuta masa takardar koke. Mako bai zagayo ba sai ga baƙi a zaurensa bayan sallar isha'i, da wani ɗan'uwan wanda ake ƙara, da dattawa biyu na unguwa. Aka ce masa, "Malam, a bar wa Allah. Mutumin nan yana da iyali, kada ka zama sanadin tuɓe masa kaki." Aka kuma tuna masa cewa ƙanin nasa ɗan acaɓa ne, kullum yana bisa titi. Washegari ya je ya janye. Da na tambaye shi ko zuciyarsa ce ta yafe, sai ya ce mini, "Malam, wanda ke cikin ruwa ba ya faɗa da kada."

To, a takarda dai an rubuta an sasanta. Amma babu wanda ya kira shi gefe ya tambaye shi dalili, kuɗinsa kuma ba su dawo ba.

Ba wai ƙasar nan ta rasa wuraren kai kuka ba ne. Tun 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, doka kuma ta ba ta ikon yin bincike ko da ba wanda ya kawo mata ƙara. A 2001 aka yi dokar Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, mai ikon hukunta kowane ɗan sanda in ban da Sufeto Janar. A 2015, zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, rundunar ta buɗe sashen karɓar koke-koke na kanta, sa'an nan dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙarfafa shi. Ƙofofin shiga ke nan, suna da yawa. Abin da nake tambaya shi ne, wa ke tsaye a ƙofar fita yana duba waɗanda suka juya, ya ga ko da kansu suka fita ko kuwa tura su aka yi?

Mutanen Bauchi ba su manta da abin da ya auku a 2020 ba, sa'ad da aka kama wasu mutum uku a garin nan bisa zargin satar kaji, biyu daga cikinsu suka rasu bayan dukan da suka sha a hannun 'yan sanda. Iyalansu da wanda ya tsira suka tsaya kan bakansu, har Babbar Kotun Tarayya da ke Bauchi ta yi umarni a biya su diyyar miliyoyin naira. Da a ce baƙin dare sun shawo kansu, da yanzu babu abin da ya rage sai kaburbura biyu da takardar sulhu.

Malamanmu sun rarrabe tsakanin haƙƙin da mutum ke iya yafewa da wanda ba nasa ba ne shi kaɗai. Mai kayan miya yana da ikon yafe kuɗinsa, amma ba shi da ikon yafe wa wanda za a tsare gobe a wannan ɗaki. Kakin nan da bindigar nan amanar jama'a ce. A Ingila ma doka ta ce in mai koke ya janye, dole hukuma ta duba ko maslahar jama'a na bukatar a ci gaba da binciken.

Saboda haka ina kira da a yi abu uku. Na farko, kada a karɓi janyewa a ofishin da ake ƙara, domin ba a ba kura ajiyar nama. A yi ta gaban wata hukuma dabam, a kuma ji ta bakin mai koke shi kaɗai. Na biyu, in zargin ya shafi kisa ko azabtarwa, wadda dokar 2017 ta haramta, to a ci gaba da bincike ko an janye. Na uku, a ajiye littafi, kowace shekara a gaya wa jama'a koke nawa aka janye, a wane ofis. In aka ga ɗan sanda ɗaya an yafe masa sau biyar, ai ka san da walakin, goro a miya.

Wannan ba ƙiyayya ba ce ga 'yan sanda, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Nagarinsu su ne za su fi kowa cin moriya, tun da binciken da aka kai ƙarshensa shi ke wanke wanda aka yi wa ƙage, janyewa kuwa tana barin zargi a wuyansa har ya yi ritaya.

Ku kuma dattawanmu masu zuwa biko, Allah ya ƙara girma, ku ci gaba da sulhu, amma ku fara da cewa a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Allah ya sa mu dace, amin.